Ɓarawon Da Ya Bar Murfi

Ranar Litinin aka sace tukunyar Edmar. Ku bar ni in fara daga nan, don in na fara da labarin da ke cina tun safiyar yau, ba wanda zai tsaya ya ji sauran.

Na kai Lizel allurar rigakafi a asibitin gari. Motar ƙarfe shida na bi, na dawo a ta sha biyu, yarinya tana ta ƙananan koke-koke a goye. Na sunkuya ƙarƙashin gida, inda muke ajiye kaya, don gidajenmu a kan ginshiƙai suke, in ɗauko bokiti, sai na ga wuri fayau. Shatin gindinta kawai ya rage a ƙasa, zagaye, fes, ko ƙura bai yi ba.

Ba tukunyar miya ba ce fa. Ta silba ce, irin wadda ba ta tsatsa, lita sittin, da famfo a gindi da agogon auna zafi a gefe. Mijina Edmar ya saye ta kwance a wurin dillalin tukwane Manong Crispin (Manong, wato yaya) tun muna saurayi da budurwa. A cikinta yake dafa giyar sha'ir. Ranar dahuwa duk unguwa sai ta ɗau ƙamshi kamar gidan burodi, shi kuma yana tsaye da muciya, tururi ya jiƙa masa gashi, yana yi min bayanin abin da ban tambaye shi ba. Ya taɓa shafa cikina ya ce, "Ranar da za a raɗa wa ɗan cikin nan sunan kakanni, giyar da za a sha ni zan dafa ta da hannuna."

Cikin yana wata uku ya tafi Japan noman kabeji. Kabeji fa, wanda ke ruɓewa a bakin titinmu. Yanzu Lizel shekararta ɗaya da wata uku, sunan takarda kawai gare ta. Sunan kakanni sai uba yana wurin. Ubanta kuwa a waya ta san shi.

Saura wata uku ya gama aikin ya dawo. Sai ranar Alhamis kafin satar ya kira.

"Dalin, mai gonar ya ce in ƙara shekara uku."

Na tambaye shi ko ya amince.

"Ban sa hannu ba tukuna. Amma ki kira Manong Crispin ya zo ya ɗauki tukunyar nan, ya ce akwai masu nema. Zama kawai take yi."

Na ce to. Me zan ce? Wanda zai dawo nan da wata uku ai ba ya sayar da tukunyarsa. Surukata Kinay, wadda muke kira Nanang, wato Inna, tana zaune a matakala tana tsince shinkafa a faifai. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Manong Crispin ya zo ranar Lahadi. Ya ƙwanƙwasa tukunya, ya leƙa cikinta, ya ɗauki hoto, ya ce motarsa cike take, sai Asabar zai dawo ya ɗauka. Kashegari ta ɓace.

*

Kafin in sauke yarinya daga baya, rabin mutanen ƙauyenmu Pingayan sun cika mana tsakar gida.

"Crispin ne, mutumin ƙasan dutsen nan," in ji maƙwabciyarmu Manang Soling mai aladu. Ita ke fara magana a kowane taro, ita ke rufewa. "Jiya ya zo ya ga hanya, yau ya dawo. Me zai sa ya sayi abin da zai iya ɗauka kyauta?"

"Mu nan ko ƙofa ba ma kullewa," wani ya ce.

"Dama duk wanda ya hawo daga ƙasa, da abin da ya hawo nema."

Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce kafin a je ga 'yan sanda, a kira Lakay Sawad.

Lakay Sawad tsohon maharbin aladen daji ne; Lakay haka muke kiran dattijo. Tun da gwiwa ta hana shi farauta, ɓatacciyar ɓaunar noma yake nemo wa mutane, ko akuya, ko mijin da ya sha ya kwanta a kwazazzabo. Ido ɗaya ya yi fari, amma ɗayan ya isa mutum uku. Ya iso da sandarsa, ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafafun jama'a.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Ko garken shanu bai kai ku iya goge sawu ba. Ku ja baya."

Ya shiga ƙarƙashin gida a tsugune. Ya daɗe. Sai ya ce, "'Yata, zo nan. Wannan fa?"

"Murfinta ne, Lakay."

"Wancan da ke rataye kamar maciji?"

"Bututun tagulla ne. Da shi yake sanyaya giyar in ta dahu."

"An ɗauki tukunya an bar murfi," ya ce, kamar da kansa yake magana.

A gaban gida akwai sawun taya da na takalmin roba, na Manong Crispin, kowa sai nuna su yake. Lakay ko kallo ba su ishe shi ba. Bayan gida ya zaga, wajen magudanar ruwa inda laka ke da laushi. Na bi shi. Sawu ɗaya ne a wurin, na ƙafa ba takalmi, yatsun sun nitse sosai kamar na mai ɗauke da kaya zai hau tudu. Ya tsaya a kansa ya kai minti guda. Sai ya ɗora ƙafarsa a kai ya murje shi.

"Lakay, ka taka."

"Tsufa," ya ce. "Ƙafa ba ta jin magana."

Daga nan hanyar duk dutse ce, dutse kuwa ba ya riƙe sawu. Da yamma aka tsuge da ruwa, ɗan abin da ya rage ma ya tafi.

*

Talata muka sauka gari, ni da Lakay da Lizel a goye. Shagon Manong Crispin yana bakin babban titi. Tukwanen silba ne jere har rufi, manya da ƙanana, wata ta loɓe a gefe, wata an yi mata walda. Daga gidajen abincin da suka rufe yake kwaso su, da wurin samarin birnin Baguio da suka ɗauki dahuwar giya da zafi suka gaji bayan wata biyu. Ya huda, ya sa famfo, ya sayar wa sababbin masu zafin.

Ya gan mu bai tashi ba.

"Ading," ya ce da ni, wato ƙanwa, "kin kawo maharbi ya kama alade?"

"Manong, ba ni na faɗa ba."

"Na ji komai. Direban motarku ya ƙi amsa gaisuwata yau. Shekara ashirin ina hawa dutsenku, na ci naman bikinku, na yi zaman makokinku. Har yau sunana mutumin ƙasa."

Lakay ya samu wata tukunya ya kife ya zauna a kai. "Crispin, ni ban san kan waɗannan ƙarafan ba. Koya min. Yaya ake gane mai kyau?"

Ai kuwa nan take fushi ya ragu. Dillali ba ya ƙin a tambaye shi sana'arsa. Ya ciro maganaɗisu daga aljihu ya manna a jikin wata, ya faɗo.

"Ka gani? In ya kama, ƙarfen banza ne, shekara ɗaya zai yi ja. In ya faɗo, ka saya. Sai ka ƙwanƙwasa ka ji muryarta. Sai ka duba walda, ka cika ta da ruwa ta kwana. Ta Edmar ba ta da aibi ko ɗaya. Wani likita a Baguio ya gani a hoto, har ya fara kirana ɗan'uwa."

"Da kai ne ɓarawon, me za ka ɗauka?"

"Bututun tagulla mana, Lakay. Ya fi sauƙin ɓoyewa, kuma ko ɗan gwangwan zai karɓe shi ba tambaya. Sannan wane mahaukaci ne zai bar murfi? Tukunya ba murfi, rabin kuɗinta ya tafi. Wanda ya yi wannan aikin bai taɓa sayar da ko cokali ba."

"Ranar Lahadi yaya ka same ta?"

"Kamar yadda mai ita ya bar ta. A wanke, a bushe, famfo a buɗe."

Lakay ya ɗago kai. "A buɗe?"

"Haka masu giya ke yi. In sun wanke sai su bar famfo a buɗe iska ta shiga, kada ciki ya yi fumfuna. In mariƙin ya miƙe, a buɗe yake. Sai an gicciya shi yake rufewa."

Lakay ya sa ya nuna masa har sau biyu. Da za mu tafi ya ce, "Ka hawo ranar Asabar kamar yadda ka yi alkawari."

"In zo a jefe ni?"

"Ka zo da yunwa dai. Akwai kazar da za a yanka maka."

*

Laraba aka fara raɗe-raɗin Manang Soling. Sau uku ta taɓa roƙona aron tukunyar, wai ta dafa abincin aladu, ina hana ta. Sai ga wata mata ta ce ta hango abu yana ƙyalli a bayan garken aladunta, an rufe da buhu.

Muka same ta tana yanka ganyen dankali.

"Soling," in ji Lakay, "mene ne a ƙarƙashin buhun can?"

Ta ajiye wuƙa. "Au, yau ni ce ɓarauniyar? Je ka ɗaga da kanka, tsoho, in bayanka zai bar ka."

Ya ɗaga da sanda. Gangar tsohon injin wanki ce, duk huda, ta cika ta da kajin da suka ƙyanƙyashe.

"Ga giyarku nan, ku sha," ta ce. "Dalin, ke ma har da ke? Ni da na yi miki wankan jego?"

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa ido.

"Tunda binciken sata kuke, ni ma an yi min. Ba wanda ya kira maharbi saboda ni. Ganyen ayabata bakwai aka yanke ranar Litinin ina gona. Manya-manya, masu kyaun."

Lakay ya je gindin ayabar. Ya shafa wurin yankan da yatsa.

"Ba a fizga ba," ya ce. "An zaɓa. Waɗanda ba su yage ba kawai aka ɗauka."

"To sai ka kamo min ɓarawon ganye."

"In na kamo shi, za ki iya yi masa faɗa?"

"Ko bishop ne."

"Za mu gani."

A hanya na ce, "Lakay, yanzu ina muka dosa?"

"Gida. Mu jira Asabar."

"Me za mu jira?"

"Akwai sawun da bai fito ba tukuna. Kwana biyar yake ɗauka."

Na ɗauka tsufan ne da gaske.

*

Da yammar Alhamis Edmar ya kira bayan ya tashi aiki. Fuskarsa ta faɗa, ga wata hular sanyi da ban san shi da ita ba. Lizel ta fizge wayar ta manna mata baki, sannan ta juya ta tana duba bayanta. Kullum haka take yi. A zatonta yana ɓoye a can.

Na gaya masa har yanzu ba labari.

"Ki bar wahalar da kanki," ya ce. "Ƙarfe ne kawai."

Da ya yi faɗa ma da ya fi min. Mutumin da ko soson ƙarfe ba ya bari in kusanta da tukunyar nan, wai zai karce ta, yau shi ke cewa ƙarfe ne kawai. Na ce a raina, shi ke nan, Japan ta cinye shi.

"Takardar fa?" na tambaya.

"Ƙarshen wata suke son amsa. Dalin, shekara uku za ta gina mana gidan bulo. Lizel za ta yi makaranta mai kyau, ba kamar mu ba."

"Haka ne," na ce. Gaskiya ya faɗa ai. Gaskiyar ce dai ba ta ɗumama shimfiɗa.

Bayan mun gama na sauka ƙarƙashin gida na zauna kusa da shatin nan. Ni kaina na rasa me nake so. In an gano tukunya, Asabar za a sa ta a mota. In ba a gano ba, ta tafi dama. Ko ta ina dai wurin fayau zai zauna.

Nanang ta leƙo da dafaffen dankali a kwano. "Ci, mai shayarwa ba ta zama da yunwa."

"Nanang, ke abin bai dame ki ba?"

"Abin da ƙafa ta kai, ƙafa za ta dawo da shi," ta ce. Ta ɓare dankali biyu ta cinye a tsaye. Tun tafiyar ɗanta ban ga ta ci abinci da marmari haka ba.

*

Asabar da hantsi Lakay ya ƙwanƙwasa matakala da sanda.

"Goya yarinya. Taho da murfin nan, da wayarki."

Muka bi hanyar dutsen bayan gida muka hau, har inda rumbunan shinkafar unguwa suke jere a saman gonaki. Yau ba ƙasa yake kallo ba. Ginshiƙan rumbuna yake bi ɗaya bayan ɗaya, yana kai idonsa mai kyau kusa da itace. Na farko, ya wuce. Na biyu, ya wuce. Wajen na shida ya tsaya, ya yi murmushi.

"Ga 'yan sandana sun iso."

Kiyashi ne. Layi guda baƙi, daga cikin ciyawa, ya haye dutse, ya kama ginshiƙi ya yi sama. A gindin ginshiƙin ƙasa ta jiƙe, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi.

"Me kiyashi ke nema a rumbun busasshiyar shinkafa?" ya ce.

Na dubi ƙofar rumbun. Na matsa kusa. Na san kwaɗon nan.

Ya aika aka kira mai unguwa, da Manang Soling, da Manong Crispin da ya iso ya ƙi fitowa daga motarsa. Jama'a suka biyo su ba a gayyace su ba. Nanang ce ta zo ƙarshe, daga gonar dankali, kwandonta a baya, igiyarsa a goshi, ƙafa ba takalmi.

"Kira mijinki," Lakay ya ce min. "Kayansa ne, ya kamata ya ji."

Lokacin hutun cin abincinsu ne, ya ɗauka. Na juya wayar yana kallon kowa.

Lakay ya dogara da sanda. "Kun ce Crispin ne. Crispin ba zai bar tagulla ba, ba zai bar murfi ba. Kun ce Soling ce. Soling da ta ɗauka, da bakinta ya tona ta kafin rana ta faɗi."

Aka yi dariya. Manang Soling ta ce, "Ka ci albarkacin furfurarka."

"Wanda ya bar murfi, yana da abin da zai rufe da shi. Aka yanki ganyen ayaba bakwai marasa yagewa. A garin nan me ake rufewa da ganye irin wannan?"

"Tapey," wata tsohuwa ta ce. Giyar shinkafarmu ke nan, ta tulu.

"Tapey kuwa kwana huɗu, biyar, sai shinkafa ta fara sakin ruwa. Wanda ya ɗauki tukunyar nan ya ƙware a tapey, amma duk rayuwarsa a tulun ƙasa yake yi. Tulu ba shi da famfo. Bai san akwai tukunyar da ake rufe wa gindi ba." Ya juya a hankali. "Kinay, kawo mabuɗi."

Kowa ya juya ga surukata. Nanang ba ta yi musu ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Zuba take yi?"

Ta jefar da kwando. Tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa coci, sai ga ta ta haye tsani kamar yarinya. Ta buɗe ƙofa.

Ga tukunyar Edmar zaune a tsakiyar dammunan shinkafa, tana ƙyalli. An ɗaure bakinta da ganyen ayaba, an naɗe da igiya, a sama an soke ƙullin ciyawa. Daga famfo kuwa, ɗis, ɗis, ɗis, yana bin katako yana sauka.

Nanang ta tara tafin hannu a ƙarƙashi, tana waige-waige. "Ta ina ake tsayar da shi? Dalin, ta ina?"

Na miƙa wa Manang Soling waya, na hau da goyo, na gicciya mariƙin. Ɗigon ya tsaya. Nanang ta dubi ɗan abin da ya taru a tafinta, ta rasa inda za ta zuba shi.

"Kwana nawa yana zuba?" ta ce.

"Kaɗan ne ya tafi," Lakay ya amsa daga ƙasa. "Rabon kiyashi ne."

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Baket Kinay," ya ce, wato dattijuwa, "kina ji ana zagin baƙo kwana biyar, kika yi shiru."

"Na yi laifi a nan. Crispin, ɗana, ka yafe min. Babbar kazata taka ce."

Manong Crispin ya sosa ƙeya. "Baket, ba komai. Abin ma da sauƙi. A juye shinkafar a wani abu, in wanke ta da ruwan zafi, ko ƙamshi ba zai rage ba. Likita yana jira."

Sai Manang Soling ta nuna masa ƙullin ciyawar da baki.

"Shekara ashirin kana hawa dutse, ba ka san wannan ba? Tapey in an ƙulla shi da sunan mutum, ba hannun da zai kwance sai nasa. Ko wuta ce ta kama rumbun, sai dai a fitar da tukunya a ɗaure."

"Da sunan wa kika ƙulla, Kinay?" Lakay ya tambaya, ko da yake kowa ya sani.

"Ɗa nawa gare ni?"

"Kina da tulun kakarki, wanda ya fi wannan ƙarfen iya tapey. Me ya sa ba ki yi a ciki ba?"

"Tulun ba wanda ya zo saye," ta ce.

Ta sauko ta karɓi wayar daga hannun Manang Soling, ta riƙe ta nesa da fuska kamar madubi.

"Balong," haka take kiransa tun yana ƙarami, "ubanka da zai tafi aikin haƙar ma'adinai, garmarsa ya fara sayarwa. Ya ce zama kawai take yi. Shekara biyu ya ce min. Ka san sauran, bai dawo ba. Ni ban hana ka neman kuɗi ba. Amma ba za a fitar da kayanka daga gidan nan ina kallo ba."

Edmar ya dubi uwarsa. Ya cire hular sanyin, ya mayar. Can ya ce, "Nanang, da wace shinkafa kika yi?"

"Ja mai danƙo. Ta gonar sama."

"Wata nawa zai kai?"

"Wata ɗaya, zaƙi. Wata uku, ya yi ƙarfi, lokacinsa ke nan. In ya wuce haka sai tsami."

Aka kira shi da yaren mutanen Japan daga baya. Ya ce, "Dalin, ki tabbata famfon ya rufu sosai." Waya ta katse.

Muna saukowa na ce da Lakay, "Tun ranar Litinin ka sani. Da gangan ka taka sawun nan."

"Shekara sittin ina ganin ƙafar nan a kan hanya. Da kaina zan bari Soling ta riga ni ganinta?" Ya tsaya ya huta. "Amma sanin ƙafa daban, sanin inda ta je daban. Kuma ba a kiran tsohuwa ɓarauniya da hannu wofi."

"Ɓarawon ganye fa, Manang?" na ce da Soling. "Ba ki yi faɗan ba."

"Rufe min baki," ta ce, tana share ido da gefen zane.

Ranar Manong Crispin ya ci kaza har ya kwance bel. Waɗanda suka fi zaginsa su suka fi tura masa cinya.

*

Daga nan sai shiru. Edmar yana kira kullum, ya tambayi haƙoran Lizel, ya tambayi ruwan sama. Maganar takarda ko sau ɗaya. Ni ma ban tambaya ba, tsoron amsa nake. Ƙarshen wata ya zo ya wuce. Kowace safiya sai in hau rumbu in taɓa mariƙin famfo, in kara kunne a jikin tukunya. Tana wani ɗan motsi a ciki, kamar cikin mai barci. Wani lokaci in tarar Nanang ta riga ni. Sai mu zauna a bakin tsani, muna kallon hanyar da ke hawowa daga ƙasa.

To, yau da safe ina shanya, na ji ƙarar motar Manong Crispin. Ya fito yana nishi da buhu a kafaɗa, ya dire min a matakala, ya ɗora wata 'yar leda mai sanyi a kai.

"Manong, tukunya dai ka san ba ta sayarwa ba ce."

"Wa ya ce saye na zo? Yau sayarwa na zo, kuma an riga an gama ciniki. Sha'ir ne, kilo ashirin da biyar. Ledar nan furen ɗaci ne da ake sa wa giya, ki kai firijin mai unguwa. Buhun kuma ki ɗora a kan katako, kada danshi ya taɓa shi."

Na tsaya da rigar Lizel a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata.

"Wa ya saya?"

"Wani manomin kabeji. Ya ce a gaya wa matarsa sha huɗu ga Disamba, motar ƙarfe sha biyu. Ya ce a gaya wa uwarsa ranar zai kwance ƙulli, a shanye tapey a ba shi tukunyarsa, don giya sati uku take ɗauka, kuma akwai yarinyar da ke jiran suna." Ya share gumi. "Na rasa likita, Ading. Amma mai sayen sha'ir duk wata ya fi min mai sayen tukunya sau ɗaya."

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun ba. Ya ce in tashi, zan jiƙa masa kaya.

Na ruga gonar dankali da goyo, takalmi ɗaya a ƙafa. Na gaya wa Nanang. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tono. Sai da ta cika kwando sannan ta ce, "Murfin nan yana ina?"

"Yana rumbu, Nanang."

"Ki wanke shi ki ajiye. Mai shi zai nema."

Na wanke. Da soso mai laushi, ba na ƙarfe ba.